Ƙaho a Ƙeyar Ishaya Tela

Tun da an ɗauke wuta kilifofinku na aski sun yi shiru, ku jawo bencin nan ku zauna. Kai mai jar hula, kai ne ka ce in koya maka aska cikin sati guda don ka riƙa rage zafi ranar da babu wuta, ko? Sati guda! Allah ya shirye ka. Kai kuma da ka leƙa zabirata ka ga na'urar awon hawan jini ka ce wai Baba Iro ya koma likita, yi dariyarka ka more. Mutum ɗaya ne ya sa na sayi na'urar nan, Ishaya sunansa, tela ne a Sabon Gari. Ban kuma saye ta ba sai da lokacin da za ta amfane shi ya wuce.

Ni shekara uku na yi a gaban mahaifina a Unguwar Gabas ban taɓa kan ɗan Adam ba. Washi kawai. In zauna da dutse da ruwa in yi ta guga, ya karɓa ya gwada a gashin hannunsa, ya miƙo mini bai ce uffan ba, na san ke nan a sake. Da ya ga bakin askar ya fara zama sai ya sa aka samo duma, a shafe shi da sabulu, in kwashe kumfar tas ban bar zane ko ɗaya a jikinsa ba. Kan farko da na aske na mahaifin nawa ne. Na yanke shi a bayan kunne, bai motsa ba, sai da na gama ya shafo wurin ya nuna mini jinin a yatsansa, ya mayar da ni kan duma wata biyu. Ku kuwa ku sayi inji da safe, da la'asar kun buɗe shago a Samaru kuna yi wa ɗalibai zane-zane a ka.

Aski ma shi ne mai sauƙin, ƙaho ne aikin. Na farko da na kafa a bayan wani ɗan dako ne na kasuwar Sabon Gari. Ka aske wurin, ka jiƙa shi, ka kifa ƙahon, ka zuƙe iskar ta ɗan ramin da ke tsininsa, ka toshe da kaki tun bakinka bai bar wurin ba. In fata ta taso sai ka cire, ka ɗauko 'yar tsaga, wato wannan ƙaramar askar, ka yi tsaga a jere, kada ta yi zurfi kada kuma ta zama karce, ka mayar da ƙahon ka sake zuƙa. Jinin da zai fito baƙi ne mai gudaji, mu mataccen jini muke ce masa. Ɗan dakon nan ya tashi ya yi miƙa, ya ce ji yake kamar an sauke masa buhu. Tun daga ranar na yarda babu ciwon kai ko na baya da ya fi ƙarfin ƙaho, kuma na daɗe a kan wannan yardar.

Doka ɗaya ce mahaifina ya kafa mini da rantsuwa. Akwai mutanen da Allah ya yi su da ƙullutu a jiki, ba ɗaya ba ba goma ba, masu laushi, in ka danna su lotsa su dawo, ga kuma tabo-tabo a fata tun suna yara. Ya ce kada askata ta kuskura ta shiga ko ɗaya daga ciki. Shi da kansa ya taɓa cire wa wani manomi a ƙauyen Jama'a ɗaya a kafaɗa, mutumin ne ma ya yi ta roƙonsa. Jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, duk garin maganin da ke zabira ya ƙare a kai, sai a amalanke aka kai shi asibiti, da ƙyar ya sha. Ya ce da ni, “Iro, jinin mutanen nan ba ya jin magana.” Na riƙe wannan gam. Kuskurena shi ne na ɗauka iyakar ilimin ke nan, in ka kauce wa ƙullutun ka gama.

Kuna tsammanin muguwar shekarata ita ce wadda mutane suka fara tsoron aska ɗaya a kan mutum biyu, suka watse suka bar mu da tabarma. Wannan ai gyara ne ya zo mana, muka koma reza sabuwa ga kowa, muka riƙa dafa ƙaho, waɗanda za su dawo suka dawo. Muguwar shekarata daban ce, kuma a cikinta ciniki bai taɓa yi mini daɗi irin haka ba.

Ranar da na fara aske Ishaya wata Alhamis ce, saura kwana biyu a ɗaura masa aure a coci. Ina zaune a inuwar da nake zama kusa da layin dogo ya zo ya tsaya, dogo siriri, da hula har gira. Iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne, aikin jirgi ya kawo uban, amma shi a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya gaishe ni, ya durƙusa, ya cire hular.

“Baba, ka taɓa aske irina?”

Kan nan da wuya da haɓa duk ƙullutu ne, wasu kamar gyaɗa wasu sun kai goro. Ya ce shago uku ya shiga. Biyu sun ce babu wuta alhali fanka na juyawa, na ukun ya faɗa masa gaskiya, wai in injinsa ya taɓa shi babu mai ƙara zama a kujerarsa.

Na ce, “Jahilci ne ke damunsu, ba a ɗaukar wannan. Wa ke da shi a gidanku?”

Ya ce, “Mama.”

Na ce, “To ka gani. Zauna.”

Ga yadda ake yi, ku buɗe kunne. Ba ka fara da aska, da yatsa kake farawa. Ka bi kan gaba ɗaya ka san inda kowanne yake, har ƙananan da gashi ya ɓoye. Sannan ka sa babban yatsan hagu ka rufe ƙullutun, ka ja fatar gefensa ta miƙe, ka zagaye shi da tsinin aska kaɗai, ba da cikinta ba. Gashin da ke kan ƙullutun kansa almakashi ke ɗaukarsa. Askin da nake yi kafin shayi ya huce, na Ishaya ya ci mini daga la'asar har rana ta yi sanyi. Ɗigon jini ɗaya bai fito ba. Na ba shi madubi ya daɗe yana kallo, sannan ya ninke hular ya sa a aljihu ya tafi da kansa a buɗe.

Daga nan kowace Asabar ni ke zuwa shagonsa a layin teloli, in aske shi don cocin Lahadi. Kayan sallata kuwa babu telan da ya ƙara taɓa su sai shi. Hannu gare shi, in ya ɗora wuyan kaftani sai ka ce a jikinka aka saƙa. Matarsa Rifkatu malamar firamare ce, suka haifi 'ya mace, Talatu. Ni kuma na riƙa alfahari a cikin wanzamai cewa akwai kan da duk Zariya ni kaɗai ke iya taɓawa. Shi ma ya yarda da haka, har ya kai in na ce abu ba ya ƙara tambayar kowa.

A shekara ta huɗu da haɗuwarmu ya fara kukan ciwon kai. A ƙeya yake kama shi, tun da safe, wani lokaci idonsa ya yi hazo-hazo har zare ya gagare shi shiga allura. Shi ya nemi ƙaho, ni kuma ban yi ja ba. Na lalubi fili tsakanin ƙullutun ƙeyarsa, na kafa biyu, na yi tsagata a tsanake ban taɓa ko ɗaya ba. Jini ya zo da gudu, ya kuma daɗe kafin ya tsaya. Maimakon in tuna da maganar mahaifina sai na ji daɗi, na nuna masa na ce, “Ka ga abin da ke damunka.” Ya ce kan ya yi sakayau. Bayan sati uku ciwon ya dawo, na sake kafawa.

Rifkatu ce hankalinta bai kwanta ba. Ta ja shi zuwa wani ƙaramin asibiti na unguwa, wata nas ta auna shi. Asabar ɗin da ta biyo baya ina shafa masa sabulu ya zaro takarda daga aljihu.

“Baba, ka ji wai hawan jini gare ni.”

Wallahi dariya na yi. Na ce, “Kai? Shekararka nawa? Ga ka kamar sillen kara. Hawan jini na masu tumbi ne da tsofaffi irina. Na'urarsu ce ta lalace.”

Ya ce, “Sau uku ta auna, rana daban-daban. Ta ce bai kamata a ga irin wannan a jikin matashi ba, ta rubuta wannan in kai babban asibiti, wai kada in wuce sati.”

“To me ya hana ka?”

Ya ce, “Baba, duk ranar da na je can sai an ce in cire riga, a tara ɗalibai a kaina ana nunawa. Ni na gaji da kallo.”

Nan ne wurin, ku riƙe shi. Yaron nan tsoro yake ji, ya zo wurin wanda ya yarda da shi don a ce masa tafi ko kada ka tafi. Da na ce tashi mu je tare, da ya bi ni, ko shakka ba na yi. Amma a kunnena takardar nan cewa take ƙahona bai yi aiki ba, kuma wata yarinya mai farin kaya ce ta faɗa. Sai na ce masa, “Ga ɗinkin Kirsimeti ya taru maka, in suka kwantar da kai wa zai yi? Kuma su ɗora ka a kan ƙwaya har ƙarshen rayuwarka. Mataccen jini ne ya yi maka yawa, sau biyu ko uku nan gaba mun kwashe shi.”

Ya ajiye takardar a kan teburin keken ɗinki. Ran nan na manto tsumman da nake goge aska a gida. Na kai hannu na ɗauke ta.

Ya ce, “Baba, takardar ce fa.”

Na ce, “Ai ta samu aikin da ya dace da ita.”

Na goge kumfa da gashi a kanta, na ninke na sake gogewa, har muka gama. Ya yi dariya, dariyar wanda aka sauke wa nauyi. Na dunƙule ta na jefa cikin ƙyallayen da ake sharewa. Ya gaya wa Rifkatu ta ɓace, zai je a sake rubutawa bayan Kirsimeti. Bayan Kirsimeti ɗinkin makaranta ya zo, bayansa na Ista. Wata biyar, na ƙara kafa masa ƙaho sau huɗu.

Wata Laraba da hantsi yana kan keke ya zame ya faɗi. Telan da ke kusa da shi ne ya zo ya gaya mini washegari, na hau bas na tafi babban asibiti. Na tarar da shi kwance, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama kamar ba nasa ba, ido kaɗai ke motsi. Rifkatu na zaune da Talatu a cinya. Ina tsaye likita ta shigo, mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta juya kansa tana dubawa, ta ga sahun tsaga a ƙeya.

“Wa ya yi wannan?”

Na ce, “Ni ne.”

Na zaci za ta yi mini faɗa, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce, “Baba, zauna in gaya maka, don akwai irinsa da yawa da za su zo hannunka kafin su zo namu.” Ta kira sunan ciwon, niyurofaiburomatosis, sai da na sa ta maimaita sau uku. Ta ce ba a fata kaɗai ya tsaya ba. A jikin wasu masu shi yana taɓa jijiyoyin jini, wata ta tsuke, wata ta kumbura, wata bangonta ya yi rauni ya zama abu kaɗan ke fasa shi. Ta ce hoto ya nuna jijiyar da ke kai jini ƙodar Ishaya ce ta tsuke. Ita ƙoda in jini bai ishe ta ba sai ta sa jiki ya ƙara matsa shi, jinin ya yi ta hawa, har wata jijiya a ƙwaƙwalwa ta kasa ɗauka ta fashe. Ta ce shi ya sa mai wannan ciwon, ko yaro ne ko siriri ne, ake auna masa jini a kai a kai, kuma ciwon kansa ba abin wasa ba ne. In an kama da wuri akwai magani, har akan buɗe jijiyar da ta tsuke.

Sannan ta juya wurin Rifkatu. “Ba a taɓa auna shi ba?”

Rifkatu ta ce, “An auna, likita. Har takarda aka ba shi tun kafin Kirsimeti. Ya ce ta ɓace.”

Ishaya ya juyo da ido ya kalle ni. Ni da na ce ni ne a kan tsaga, na kasa cewa ni ne a kan takarda. Na sunkuyar da kai na yi shiru, kuma kunyar shirun nan har yau ba ta sake ni ba.

Ishaya ya rayu, amma hannun bai dawo ba. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, kalma biyu uku, da ƙyar. Aka kwaso keken ɗinkin aka kai gida aka rufe da zane, albashin Rifkatu ya zama shi ne gidan. Ni kuma na je wurin nas ɗin nan da na raina, na gaya mata ni wanzami ne ina son in koyi awon jini, ban gaya mata sauran ba. Ta koya mini da haƙuri, ita ta zaɓa mini na'urar nan. Tun daga lokacin duk wanda ya zo da ciwon kai sai na ɗaura masa ita kafin in taɓa ƙaho. In ya hau, babu ƙaho, asibiti. Mai ƙullutu kuwa ko bai hau ba askata ba ta tsaga shi, aski kaɗai. Wasu sun yi fushi sun koma wurin wasu wanzaman, suna cewa Iro ya tsufa ya zama matsoraci. Su faɗa, ai ba su ga abin da na gani ba.

Asabar kuwa ban fasa ba, sai dai gida nake zuwa maimakon shago. Rifkatu ta fito da shi tsakar gida ta zaunar a kujera, ta kawo ruwan ɗumi a roba ta ajiye, ta ce sannu Baba, ta koma ciki. Ba ta taɓa ƙara kalma a kan haka ba, na ɗauka gajiya ce. In na zo ƙeya sai in ga sahun hannuna a jere, tsaga mai kyau, babu wadda ta karkace. Da Talatu ta tasa tabon ya bayyana a bayanta da hannunta, asibiti suka ce ita ma tana da shi, suna dubanta. Ni ma in na gama da uban sai in auna ta in rubuta mata a littafi. Kowace Asabar da niyyar faɗa wa uwarta gaskiya nake fita daga gida, kowace Asabar in dawo da ita. Haka muka yi shekara tara.

Daminar da ta wuce wata jijiyar ta sake fashewa, wannan karon ba a ka ba, a cikinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Rana ta uku na je gaisuwa da la'asar, na jira matan coci suka ragu. Rifkatu na zaune a tabarma bakin ƙofar ɗaki. Na durƙusa daga gefe.

Na ce, “Maman Talatu, akwai maganar da na riƙe shekara tara. Takardar nan ba ɓacewa ta yi ba.”

Ta ce, “Na sani, Baba. Aska ka goge da ita.”

Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, “Tun da bakinsa ya fara buɗewa ya gaya mini, kwana biyu yana haɗa maganar. Na rantse ba za ka ƙara taka gidan nan ba. Ya yi ta kuka yana buga kansa da hannun hagu. Ya ce in na kore ka wa zai aske shi ya je coci? Babu mai taɓa kansa sai kai.”

Ta gyara ɗankwalinta, ba ta ɗaga murya ba.

“Shekara tara ina dafa maka ruwan aski, ina jira ka faɗa da bakinka tun yana da rai. Ban yafe ba tukuna, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina dai roƙon Allah ya ba ni iko. Ranar Asabar ka zo ka auna Talatu.”

Ga wutarku nan ta dawo, ku tashi, masu aski na jiranku. Kai mai jar hula, in har yanzu kana son aska ka nemo dutse ka same ni, amma na'urar da abokinka ya yi wa dariya za ka fara koya. Miƙo mini zabirar. Yau Asabar ce, zan kama bas ɗin Sabon Gari, Talatu na jirana. Uwarta ce ke buɗe mini ƙofa, ta ce sannu Baba, kuma har yanzu ba ta ƙara komai a kai ba.